Karena ya warke daga ciwon kaska, sai ga shi yana haɓo: me ya faru?

Tambaya: Karena namiji ne, shekararsa 2. A watan jiya ya daina cin abinci, jikinsa ya yi zafi, fitsarinsa ya koma ja mai duhu. Na cire masa kaska da yawa a kunnuwa da tsakanin yatsu. Likitan dabbobi ya ce ciwon kaska ne, ya yi masa allura ɗaya, bayan kwana 2 ya miƙe. Yanzu mako 3 ke nan, ya soma ramewa, jiya kuma jini ya fito masa ta hanci. Allurar ce ba ta da kyau, ko ciwon ne ya dawo? In ba shi maganin maleriya? Sannan yarana suna wasa da shi, za su iya ɗauka?

Amsa: Malam, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Bari in fara da abin da ba ya jira. Karen da ya yi fama da kaska sannan ya soma haɓo, a mayar da shi wurin likita yau, in ya yi nisa gobe, a ɗebi jininsa a gwada. Kafin a kai shi kada a ba shi asfirin, ko ibufurofen, ko dikulofenak, domin dukkansu suna hana jini tsayawa kuma suna yi wa kare gyambo a ciki, su taɓa ƙoda. Farasitamol ma a bar shi, don yana lalata jajayen ƙwayoyin jini da hanta idan ya yi yawa, kuma ma'aunin mutum ba na kare ba ne. A ajiye shi wuri mai sanyi, a hana shi guje-guje da haushi, in haɓon ya dawo a ɗora masa tsumma mai sanyi a kan karan hanci. Kada a cusa masa komai a hanci, atishawa zai yi jinin ya ƙara ɓallewa.

A ganina, allurar nan ta yi aikinta. Da ba ta da kyau, da bai miƙe cikin kwana 2 ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, abin da ake kira ciwon kaska ba ciwo ɗaya ba ne. Cututtuka ne daban-daban, kowacce da ƙwayarta da wurin da take zama a cikin jini da maganinta, kuma kaska ɗaya tana iya ɗauke da biyu ko uku ta zuba wa kare a lokaci guda. Abin da ka bayyana na farko, wato zazzaɓi da jan fitsari da saurin miƙewa bayan allura, ya yi kama da Babesiya. Na biyun kuwa, rama da haɓo, ya fi kama da Erlikiya, wadda allurar Babesiya ba ta kawar da ita. Wataƙila tun ranar farko suna tare a jikinsa, aka kashe mai hayaniyar, aka bar mai likimon.

Babesiya ƙwaya ce da ke shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ta hayayyafa a can. Sunan ya samo asali daga Victor Babes, wani likita ɗan Romaniya da ya fara ganinta a jinin shanu a 1888. A 1893 Theobald Smith da Frederick Kilborne suka tabbatar a Amurka cewa kaska ce ke yaɗa ta tsakanin shanu, kuma wannan ne karo na farko da aka tabbatar wani ƙwaro mai shan jini yana ɗaukar cuta daga dabba zuwa dabba, tun kafin a gano alaƙar sauro da maleriya. A 1895 aka gan ta a jinin kare a Italiya. Idan aka shafa ɗigon jini a kan gilashi aka rina shi aka duba da madubin likita, za ka ga jan ƙwayar jini a zagaye, a cikinta kuma wasu abubuwa biyu masu faɗin gindi da tsinin kai, sun haɗa tsininsu wuri ɗaya. Wanda ya taɓa gani sau ɗaya ba ya mantawa.

Ɓarnar da take yi hawa biyu ce. Ita kanta tana fasa ƙwayar da ta shiga. Sannan garkuwar jikin karen, da ta lura akwai baƙo a cikin jini, sai ta shiga rusa ƙwayoyin, masu cutar da masu lafiya baki ɗaya, saifa kuma ta yi ta tace su har ta kumbura. Shi ya sa wani lokaci za ka ga ƙwayar cutar kaɗan ce a gilashi amma jinin karen ya ƙare. Launin da ke cikin fasassun ƙwayoyin shi ne ke fita ta fitsari ya mayar da shi ja ko baƙi-baƙi, wanda hanta ta kasa sarrafawa kuma ya taru ya zama shawara, ido da dasashi su yi ruwan ɗorawa.

Akwai dubawar da nake so kowane mai kare ya iya, don ba ta buƙatar kayan aiki. Ka ɗaga leɓensa na sama a wuri mai haske, ka dubi dasashin da ke saman fiƙarsa. Na lafiyayyen kare ja-ja ne mai haske, da danshi. Ka danna da yatsa, wurin zai yi fari, kana ɗagawa launin ya dawo kafin daƙiƙa 2. Idan ka tarar dasashin ya yi fari fat tun ba ka taɓa ba, jini ya yi ƙasa sosai. Idan rawaya ne, shawara ta shiga. Idan kuma ka ga ɗige-ɗige ja ƙanana kamar an tsattsaga da tsinin allura, a dasashi ko cikin kunne ko fatar mara inda gashi ba shi da yawa, to jini ne ke tsattsafowa a ƙarƙashin fata, kuma wannan ita ce alamar da nake zaton za ka gani a naka. Wasu karnukan dasashinsu baƙi ne tun haihuwa. Irin waɗannan sai a ja fatar ido ta ƙasa a duba cikinta. Zafin jikin kare mai lafiya kuma yana tsakanin digiri 38 da 39.2 ne, don haka kada a auna shi da ma'aunin mutum a ce yana zazzaɓi alhali lafiyarsa lau.

Babesiyar ma iri-iri ce, kuma bambancin ba na masana kaɗai ba ne, shi ke nuna maganin da za a yi. Akwai manya, wato masu girman ƙwaya, guda uku. Wadda ake kira rossi tana Afirka kudu da Sahara, an fi nazarinta a Afirka ta Kudu, kuma ita ce mafi muni: tana iya kashe babban kare cikin 'yan kwanaki, ta taɓa ƙoda da huhu da ƙwaƙwalwa, ta sa sukarin jini ya faɗi. Wadda ake kira canis ta Turai ce, muninta matsakaici. Sai vogeli, wadda ke ko'ina a ƙasashe masu zafi, tana da sauƙi ga babban kare amma tana kayar da kwikwiyo. Akwai kuma ƙanana, fitacciyarsu gibsoni, wadda aka fara gani a Indiya a 1910. Ita wannan ba kaska kaɗai ke yaɗa ta ba. Tana bin cizo idan karnuka suka yi faɗa jini ya haɗu, tana bin ƙarin jini, tana kuma wucewa daga karya zuwa 'ya'yan cikinta. Allurar da ke kashe manyan lafar da ita kawai take yi, ba ta raba ta da jiki.

Manyan ana yi musu ɗaya daga cikin allurai biyu. Imidokab ana yin miligiram 6.6 ga kowane kilo na nauyin kare, a maimaita bayan kwana 14. Tana da zafi a wurin da aka soka, tana sa dalalar miyau da amai da hawaye na ɗan lokaci, shi ya sa wasu likitoci ke fara yin atirofin kafin ita. Ɗayar ita ce diminazin, miligiram 3.5 ga kilo, sau ɗaya tak. A kan wannan ta biyun nake so ka buɗe kunne. Maganin yana aiki ƙwarai, amma tsakanin ma'aunin da ke warkarwa da wanda ke kisa tazarar kaɗan ce a jikin kare. Idan aka zarce, ko aka maimaita kafin na farko ya gama fita, yana sa jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. Bayan kwana 1 zuwa 3 sai ka ga kare yana tangaɗi, idanunsa na rawa, ƙafafu sun sandare, wuya ya karkace, kuma idan abin ya kai nan da wuya a dawo da shi. Irin maganin ne da ake yi wa shanu don sammore, yana da sauƙin samu, shi ya sa mutane ke haɗa shi da kansu su kintaci nauyin kare da ido. Abin yana ci mini rai, domin kare ne da ciwon bai kashe ba magani ya kashe. Saboda haka idan ka koma asibiti, musamman in wani likitan daban za ka gani, ka tafi da sunan allurar da aka yi masa da ranar da aka yi. Kada kowa ya ce ciwon ne ya dawo ya sake zuƙo ta ba tare da an auna karen a sikeli an duba jininsa ba. Ita kuwa gibsoni maganinta na baki ne, atobakwan da azitiromaisin a haɗe har kwana 10.

Erlikiya kuwa ba dangin Babesiya ba ce ko kusa. Bakteriya ce, kuma fararen ƙwayoyin jini take shiga, waɗanda aikinsu kare jiki. An fara bayyana ta a Aljeriya a 1935, amma duniya ba ta ɗauke ta da muhimmanci ba sai lokacin yaƙin Biyetnam, da karnukan sojojin Amurka suka yi ta mutuwa da haɓo da ƙarewar jini. Mafi yawansu irin karen nan ne na Jamus da jami'an tsaro ke amfani da shi, kuma har yau an san cutar ta fi yi wa wannan iri mugun kamu.

Tafiyarta mataki uku ce, kuma sanin matakan shi zai fahimtar da kai abin da ya faru da naka. Kwana 8 zuwa 20 bayan cizon kaska sai zazzaɓi, kasala, ƙin abinci, kaluluwa a wuya da bayan gwiwa, wani lokaci kwantsa da majina. Wannan yakan ɗauki mako 2 zuwa 4, sannan ya lafa ko da ba a yi magani ba. Nan ne mai kare yake cewa alhamdulillahi an warke. Alhali ƙwayar ta koma saifa ta laɓe, tana iya yin watanni ko shekaru a can, kare yana ci yana wasa, ba abin da zai nuna sai in an ƙirga jininsa. Wasu karnukan garkuwarsu takan kawar da ita, wasu su zauna da ita har tsufa, wasu kuma su faɗa mataki na uku, inda ɓargo ke gajiya ya daina ƙera jini kowane iri: ja, da fari, da mai tsayar da jini. Karen da ya kai nan yakan rame, ƙafafu su kumbura, ido ya yi hazo ko jini ya taru a cikinsa, kowace ƙaramar cuta ta kama shi. Magani a wannan matakin sau da yawa ba ya cin nasara, ko da an kashe ƙwayar, domin ɓargon ne ya riga ya lalace. Idan a watan jiya naka ya kamu, to yana matakin farko, inda magani ke aiki sosai. Amma haɓo yana zuwa a na farko yana kuma zuwa a na uku, kuma mai yiwuwa ne ya daɗe da ita a ɓoye Babesiya ta zo ta raunana shi ta fito fili. Ƙirgen jini ne zai raba gardama.

Dalilin haɓon shi ne waɗannan ƙananan ƙwayoyi masu toshe rauni su tsayar da jini. Lafiyayyen kare yana da 200,000 zuwa 500,000 a kowace maikurolita ta jini, wato kashi ɗaya cikin miliyan na lita. Erlikiya tana sa garkuwar jiki ta rusa su, saifa ta riƙe wasu, waɗanda suka rage kuma ba sa manne wa juna yadda ya kamata, ga jijiyoyin jini sun yi rauni. Cikin hanci cike yake da siraran jijiyoyi a kusa da fata, shi ya sa nan ne abin ke fara bayyana. Kashi baƙi ƙirin mai yauƙi shi ma jini ne, daga ciki yake zuba, a faɗa wa likita idan an gani.

Maganinta doksisaikilin ne, miligiram 10 ga kilo a rana, ko a raba biyu safe da yamma, har kwana 28. Ka riƙe wannan adadin da kyau. Kare yakan warware cikin kwana 1 ko 2 da fara sha, ya dawo cin abinci, haɓo ya tsaya, ƙwayoyin tsayar da jini su dawo daidai cikin mako 2. Sai mai shi ya ga ai an gama, ya ajiye sauran a kwana na 5 ko na 7. An kashe maciji ba a sare kansa ba ke nan, domin wadda ke saifa tana nan, kuma daga irin wannan ne ake samun waɗanda ke dawowa bayan watanni ɓargo ya mutu. A ba shi ƙwayar a cikin ɗan abinci don kada ya yi amai, a bi da ruwa don kada ta maƙale a maƙoshi ta ƙona shi. Kada a haɗa ta da madara, ko maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, ko na ƙarin ƙashi, don suna kama maganin a hanji su hana shi shiga jiki. In likita ya rubuta su, a bar tazarar awa 2 zuwa 3. Mutane suna son ɗura wa kare maganin ƙarin jini da zarar sun ga dasashi ya yi fari, amma a Babesiya jinin a cikin jiki ya fashe, ƙarfensa bai tafi ko'ina ba. Abin da ke ceton wanda jininsa ya ƙare shi ne ƙarin jini na gaske daga wani lafiyayyen kare da aka gwada.

Akwai wasu biyu da zan ambata a gurguje. Anafilasma, nau'in da ke shiga cikin ƙwayoyin tsayar da jini, tana sa adadinsu ya faɗi ya tashi duk bayan mako 1 zuwa 2, yawanci ba ta da tsanani, kuma doksisaikilin ɗin nan yana gamawa da ita. Sai Hefatozun, wadda hanyar shigarta ta bambanta: ba cizo ba ne, karen ne ke haɗiye kaskar lokacin da yake gartsar jikinsa. Da yawa suna ɗauke da ita ba alama, sai wata cutar ta raunana su take tashi. Don haka kaskar da aka cire kada a jefar a ƙasa kusa da shi.

Gwajin da za ka nema ba mai yawa ba ne. Na farko ƙirgen jini cikakke. A ciki za a ga PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi, wanda na lafiyayyen kare yake kashi 37 zuwa 55 cikin 100, kuma idan ya sauka wajen 15 ko ƙasa ana maganar ƙarin jini. Za a ga adadin masu tsayar da jini, da na farare. Idan duka ukun sun faɗi tare, ɓargo ne ake tsoro. Na biyu a shafa jini a gilashi, kuma an fi samun Babesiya idan daga tsinin kunne aka ɗiga shi maimakon babbar jijiya. Sai dai rashin ganinta a gilashi ba ya wanke kare, musamman wanda aka riga aka yi wa allura, ita kuwa Erlikiya da ƙyar ake dacewa da ita ta wannan hanyar. Akwai gwajin nan-take da ake ɗiga jini a kan ɗan faranti layi ya fito. Yana da amfani, amma sawun cutar yake nunawa a garkuwar jiki: a makon farko yakan ce babu alhali akwai, bayan an warke kuma yakan ci gaba da cewa akwai har watanni ko fiye. Kada a yi ta ɗura wa kare magani wata da watanni saboda layin bai ɓace ba. Wanda ya fi su duka shi ne PCR, mai gano ƙwayar kanta ya faɗi nau'inta, kuma an fi so a ɗebi jininsa kafin a fara magani. Inda babu shi, likita mai hankali da ya ga tarihin kaska da faɗuwar masu tsayar da jini yakan fara doksisaikilin ba tare da jira ba, kuma ina ganin daidai ne. Zai kuma tambaye ka ko akwai maganin ɓera a gidan, domin shi ma yana sa zubar jini, ya duba tsutsar ciki mai shan jini, ya leƙa hancin ko rauni ne ko wani abu ya maƙale.

Maganin maleriya kuwa a'a. Na gane inda tunanin ya fito, don Babesiya da ƙwayar maleriya dangi ne, dukkansu cikin jan jini suke zama, alamunsu ma sun yi kama. Amma yadda suke ci da rayuwa a cikin ƙwayar jinin ya bambanta, shi ya sa kulorokwin ba ya taɓa Babesiya, magungunan maleriya na zamani ma ba a dogara da su wajen warkar da kare. Erlikiya kuma bakteriya ce, ba ruwanta da su. Za ka ɓata kwanakin da yake buƙata, ka ƙara wa hantarsa nauyi.

Game da yara, ka kwantar da hankalinka. Ba a ɗaukar waɗannan cututtuka ta shafa kare, ko lasarsa, ko numfashinsa. Babesiyar da ke kama mutane wani nau'i ne daban da wata kaska daban ke ɗaukowa daga ɓeraye ko shanu. An taɓa samun Erlikiyar kare a jinin mutane a Benezuwela, amma abu ne da ba kasafai ake gani ba, kuma ta cizon kaska ne. Abin lura dai ita kaskar ce. Jar kaskar kare ta fi son kare, amma idan ta yi yawa a gida, musamman lokacin tsananin zafi, tana cizon mutum, kuma a wasu ƙasashe, kamar na gaɓar Bahar Rum da Meziko, tana yaɗa zazzaɓi mai ƙuraje wanda kan yi tsanani ga yara. A riƙa duba bayan kunnensu da cikin gashi da hammata. Yaron da ya yi zazzaɓi da ƙuraje bayan cizon kaska, a gaya wa likitansa maganar cizon. Jinin haɓon kuma a goge da safar hannu ko leda, a wanke hannu.

Saura tushen abin. Kaskar da ka cire a kunnensa kaɗan ce daga cikin waɗanda ke gidan. Jar kaskar kare ta bambanta da sauran domin ba ta buƙatar daji, tana iya kammala rayuwarta duka a cikin gini. Sau uku take hawa kare. Tana 'yar mitsitsiya mai ƙafa 6 ta sha jini kwanaki kaɗan ta sauka ta yi saɓa, ta sake hawa da ƙafa 8 ta sha ta sauka, sannan ta hau a matsayin babba. Macen ita ce ke kumbura ta yi toka-toka bayan kamar mako guda tana sha. Idan ta ƙoshi sai ta saki fata ta faɗo, ta rarrafa ta hau bango, ta shige tsaga ko bayan ƙyaure ko ƙasan rufin ɗakin karen, ta zuba ƙwai da kan kai 4,000 ta mutu. Idan yanayi ya yi mata daɗi, daga ƙwai zuwa ƙwai wata 2 ya isa, wadda ba ta samu jini ba kuma tana iya jira watanni da yawa. Manyan Babesiya suna wucewa daga uwar kaska zuwa ƙwanta, wato 'ya'yan da ita ake ƙyanƙyashe su. Shi ya sa wanka da magani kaɗai ba ya raba kare da kaska: yau ka wanke, jibi sababbi sun sauko daga bango. Dole a haɗa da feshin wurin kwanansa, a bi tsagogi da saman bango ba ƙasa kaɗai ba, a wanke shimfiɗarsa da ruwan zafi, a toshe ramuka, a maimaita feshin bayan mako 2 zuwa 4 don ƙwai ba sa mutuwa da na farko. Kowane kare a gidan a yi masa, a kuma gwada jininsu ko da sun yi kama da masu lafiya.

Wajen cirewa, a sa hantsaki a kama ta dab da fata, a ja a hankali a miƙe ba tare da murɗawa ko matse cikinta ba, a jefa ta cikin sifirit ko a ƙona. Kada a ɗiga mata kananzir ko baƙin mai, kada a kai mata wuta tana jikinsa, kada a fasa ta da farce. Saurin cirewa yana da amfani, domin Babesiya sai kaska ta yi awa 24 zuwa 48 a manne kafin ta wuce. Erlikiya ba ta ba da wannan sararin, an ga ta wuce cikin awa 3.

Wannan bambancin yana shafar zaɓin rigakafi. Ƙwayoyin taunawa na zamani, irin su fuluralana mai aiki mako 12, da afoksolana da sarolana masu wata guda, suna kashe kaska da kyau kuma suna tare Babesiya, amma sai ta ciza take mutuwa. Abin wuya mai fulumetirin, wanda kan kai wata 8, da maganin ɗigawa a ƙeya mai fametirin suna korar ta tun kafin ta kafa baki, don haka sun fi taimakawa a kan Erlikiya. Inda kaska ta yi katutu, likita yakan haɗa biyun. Kare mai farfaɗiya a faɗa wa likita kafin a ba shi na taunawa, domin hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2018 cewa suna iya tayar da ita ga wasu. Fametirin kuma guba ne ga kyanwa, ko goga jikinta ta yi da karen da aka ɗiga wa tana iya mutuwa. Maganin feshin gona ko na wankan shanu da aka dama da ka, kada ya taɓa jikin kare.

Bayan ya gama kwana 28 ɗin a sake ƙirga jininsa, a kuma sake bayan wata 1 da bayan wata 3, don a tabbata masu tsayar da jinin sun zauna daram. Karen da ya taɓa yin waɗannan cututtuka ba a ɗibar jininsa a ƙara wa wani. Warkewa daga Erlikiya ba ta hana sake kamuwa, kuma babu allurar rigakafinta. Ta Babesiya da ake da ita a Turai an yi ta ne don nau'in can, ita ma rage tsanani take yi, ba ta hana kamuwa. Saboda haka maganin kaskar ba a dakatar da shi don an daina ganinta a jikinsa, ka rubuta ranar da za a sabunta a inda za ka riƙa gani.